Tallar Da Ke Ɓoye Cikin Wasannin Bidiyo

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana, wata tambaya ce da mahaifina ya yi mini na kasa amsawa, sai bayan wata biyu na samo amsarta a cikin aji.

A dogon hutun da ya wuce, ana saura kwana huɗu mu koma makaranta, na sami Baba a zaure bayan sallar isha'i, na durƙusa na ce ina bukatar takalmin ƙwallo, domin an sa ni cikin waɗanda za su buga wa gidanmu a gasar gidaje. Ya ce to, babu laifi. Sai na ƙara da cewa ba kowane iri nake so ba, na faɗi sunan wani kamfani, har da launin da nake so. Washegari muka tafi kasuwa. Da mai shago ya faɗi kuɗinsa, sai ga shi ya ninka na sauran takalma sau uku, alhali kuwa shi kansa bai ɓoye mana ba cewa kwaikwayo ne, ba na ainihi ba. Baba ya jujjuya takalmin, ya duba ɗinkinsa, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Kai, ka taɓa sa irinsa ne?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "Akwai mai shi a makarantarku?" Na ce babu. Ya ce, "To, a ina ka san shi, har ka san ya fi sauran?" Na yi tsuru-tsuru. Ba wai ina ɓoye wani abu ba ne, ni kaina ban san inda na san shi ba.

Da muka dawo makaranta, ran nan malaminmu na Kasuwanci ya shigo da darasin talla. Ya ce mu lissafa wuraren da muke gamuwa da ita. Muka ce rediyo, da talabijin, da jarida, da allunan bakin titi, da bayan a-daidaita-sahu. Ya ce, "Shi ke nan?" Muka ce shi ke nan. Sai ya ce duk mai zuwa gidan gem da hutu ya ɗaga hannu. Da farko aka yi ta kallon juna, kowa na tsoron kada tarko ne, daga baya hannuwa suka tashi, kusan duk ajin. Ya ce, "Ku rufe idanunku ku tuno filin ƙwallon da kuke bugawa a ciki. Me aka rubuta a allunan gefen fili? Me ke rubuce a ƙirjin riguna?" Nan da nan aji ya kaure, sunayen kamfanoni sai zuba suke, na jiragen sama, da na motoci, da na waya, da na takalma. Malam ya cika rabin allo da su, kana ya juyo ya ce, "Jiya na tambaye ku ma'anar jari, mutum uku suka amsa. Waɗannan kuma wa ya sa ku kuka haddace su?" A nan ne na ga sunan kamfanin takalmin nan nawa a kan allo, kuma ni ne na faɗe shi da bakina. Bayan an tashi na bi Malam na ba shi labarin Baba. Ya yi dariya, ya ce in bincika in rubuta, ya kuma nemar mini izinin shiga ɗakin kwamfuta ranar Asabar uku a jere.

Saboda iyayenmu waɗanda ba su taɓa leƙa gidan gem ba, bari in ɗan yi bayani. Shago ne da ake jera talabijin, kowace an haɗa ta da wata na'ura, galibi PlayStation. Yaro ya biya kuɗi a ba shi abin sarrafawa a hannu, shi ke juya 'yan wasan da ke cikin talabijin, ya kara da abokinsa. Akwai na tseren mota, akwai na faɗa, amma a unguwarmu ƙwallon ƙafa ce sarauniya. Irin waɗannan wasanni akwai su kuma a wayar hannu, su ne ƙannenmu ke yini a kai.

Mu Hausawa mun san talla iri biyu tun kaka da kakanni. Akwai ta 'yar talla, wadda ke ɗauke da faranti a ka tana ɗaga murya. Tun daga nesa ka san sayarwa take yi, in ba ka so ka ce Allah ya kawo kasuwa, ta wuce. Akwai kuma ta dillaliya, wadda ke shigowa har tsakar gida, ta zauna, a gaisa, a sha ruwa, a yi hirar biki da suna, can sai ta ɗan gyara mayafi a hango atamfa. Ba ta ce a saya ba tukuna, amma ran matar gida ya riga ya biya. Tallar rediyo da ta talabijin irin ta 'yar talla ce, tana da lokacinta, kana iya tashi ka sha ruwa kafin ta ƙare. Ita kuwa tallar cikin wasan bidiyo dillaliya ce, a cikin hirar take. Ba ka da damar kau da kai, domin idan ka kau da kai an zura maka ƙwallo.

Abin ba yau ya fara ba. Masu bin tarihin wasanni sukan fara lissafi daga 1978, sa'ad da wani Ba'amurke, Scott Adams, ya saka tallar wasansa na gaba, Pirate Adventure, a cikin wasansa mai suna Adventureland, wanda rubutu ne zalla, ko hoto babu. Wannan mai kaya ne ke tallar kayansa. Ba a daɗe ba manyan kamfanoni suka farga. A 1983 Coca-Cola ta sa kamfanin Atari ya sauya mata wani shahararren wasa na harbin dodannin sama. Maimakon dodanni aka jera haruffan sunan abokiyar hamayyarta, watau Pepsi, mai wasa ya yi ta harbinsu. Kwafi 125 kacal aka yi, aka raba wa manyan ma'aikatan sayarwa a wani taronsu a birnin Atlanta. A wannan shekarar dai aka fito da wani wasa mai suna Tapper, inda mai wasa ke zama ma'aikacin mashaya, da tambarin giyar Budweiser ɓaro-ɓaro a bango. An yi shi ne don mashayu, amma da ya isa wuraren wasan yara sai aka yi ca a kansa, aka ce ana tallata wa yara giya. A 1984 aka fito da wani, an cire giyar an sa wani lemo marar sa maye. Ashe tun kafin a haifi wasu iyayenmu ake wannan rigima.

Daga nan dabarar ta yi ta zurfi, har hajar ta bar bango ta shiga cikin wasan kansa. A wasan Crazy Taxi na kamfanin Sega, wanda ya fito a 1999, kai ne direban tasi, fasinja kuma zai ce ka kai shi KFC ko Pizza Hut, in ka makara ka yi asarar kuɗin mota. Dole ke nan ka haddace hanyar shagon, ka riƙa hango tambarinsa daga nesa da murna. A wani wasa na 2019 mai suna Death Stranding, idan jarumin ya gaji, gwangwanin Monster Energy yake ɗagawa ya sha, ƙarfinsa ya dawo. Ku duba wannan da kyau. Mai tallar rediyo cewa yake yi abin shansa na ba da ƙarfi, kai kuma ka yarda ko ka ƙi. A nan kuwa babu wanda ya gaya maka kome. Kai ne ka danna, kai ne ka ga ƙarfin ya dawo, kuma za ka maimaita haka sau da yawa kafin ka gama wasan. Da aka sake fito da wasannin nan biyu, Crazy Taxi a 2010, Death Stranding a 2021, an cire sunayen nan an sa na ƙirƙira, wasa kuma ya ci gaba da tafiya yadda yake. Wannan ya nuna ba wasan ne ke bukatarsu ba.

Amma labarin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo a Ingila, sunanta Stevenage, a wani gari arewa da Landan. A rukuni na huɗu take bugawa a lokacin, kuma a kakar 2019/2020 kusan kullum tana can ƙasan teburi. A 2019 kamfanin abincin nan Burger King ya biya aka sa tambarinsa a ƙirjin rigarta. Mai hankali zai tambaya, me babban kamfani zai samu a rigar da 'yan kallo ƙalilan ke gani? Abin da suka hango shi ne, wasan FIFA 20 ya ƙunshi duk ƙungiyoyin rukunoni huɗu na Ingila, kowace da rigarta ta gaskiya da tambarin da ke jikinta. A cikin wasan kuma kana iya ɗauko kowane ɗan wasa ka sa masa rigar da ka ga dama. Sai kamfanin ya yi shela: duk wanda ya ɗauki rigar Stevenage, ya ci ƙwallo, ya sa hoton bidiyon a Twitter, zai sami abinci kyauta. Kafin ka ce kwabo, ga Messi da Ronaldo da Neymar suna gudu da tambarin Burger King a ƙirji, alhali kamfanin bai ba ko ɗayansu sisi ba. Da a ce su ya nema kai tsaye, da miliyoyin daloli zai zuba. Kamfanin ya ce an sa ƙwallaye fiye da 25,000 a intanet, kuma rigunan ƙungiyar na gaskiya sun ƙare a shago. A 2021 wannan dabara ta ci babbar kyauta a bikin masu talla da ake yi a Cannes ta ƙasar Faransa.

Ni dai da na karanta wannan, sai na tambayi kaina, wa ya yi aikin tallar? Ba Messi ba ne, shi bai ma san ana yi ba. Masu wasa ne, yara da samari irinmu. Su suka sayi wasan, su suka ɓata sa'o'i, su suka ɗauki hoton, su suka yaɗa. Ladansu burodi da nama. Ba na cewa an cuce su, don sun ji daɗinsu, ƙaramar ƙungiyar ma ta amfana. Amma dillaliyar nan ta kai matsayin da matar gida ce ke ɗaukar mata atamfa tana zagawa maƙwabta. Ni da ban taɓa ganin shagon Burger King da idona ba, in ka ba ni alli yanzu sai in zana maka tambarinsa.

Wani abin da ban sani ba sai da na bincika, kuɗin ba hanya ɗaya yake bi ba. Wani lokaci mai haja ke biyan mai wasa, wani lokaci kuma mai wasa ke biya don a yarda ya yi amfani da suna. 'Yan'uwana masu buga tsohon PES za su tuna da Man Red da Merseyside Red da North London. Ba kuskure ba ne. Kamfanin Konami ba shi da izinin sunayen Manchester United da Liverpool da Arsenal a waɗancan shekaru. Da Konami ya ƙulla yarjejeniya da Juventus shi kaɗai a 2019, sai FIFA 20 ta koma kiranta Piemonte Calcio. Kai, har sunan FIFA ɗin kansa haya ne: kamfanin EA ya yi shekara 30 yana biyan hukumar ƙwallon duniya, da suka kasa daidaitawa sai wasan ya koma EA Sports FC a 2023. A gidan gem ɗinmu har yanzu FIFA muke cewa, baki ya riga ya saba.

Da intanet ta shigo, allunan cikin wasa suka daina zama a wuri guda kamar fenti. Ana iya sauya su daga nesa, yau wannan, gobe wancan, mutumin wannan gari ya ga abin da na wancan gari bai gani ba. Kamfanin Microsoft ya sayi wani kamfani mai wannan sana'a, Massive, a 2006. Ta hannunsa ne a watan Oktoba na 2008 hoton Barack Obama, yana neman shugabancin Amurka, ya bayyana a allunan bakin titi cikin wasan tseren mota Burnout Paradise, kuma a wasu jihohi kaɗai, waɗanda ake kokawar ƙuri'unsu. An rufe Massive a 2010, amma dabarar ba ta mutu ba, ta koma cikin waya, inda ta fi shafar gidajenmu.

Ƙanena ɗan shekara tara ne. Yana da wani wasa a wayar Umma, na wani yaro mai gudu yana tsallake shinge. Kyauta aka sauko da shi. To, banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk sa'ad da yaron ya faɗi, sai wasan ya ce in kana son ci gaba daga inda ka tsaya, kalli wannan bidiyo na daƙiƙa talatin. Ƙanena ba ya ko tunani, dannawa yake yi. Kowane kallo, mai talla na biyan mai wasan ɗan wani abu. Ɗan abin nan in ya taru ba ƙarami ba ne: wani saurayi ɗan ƙasar Biyetnam, Dong Nguyen, wanda ya yi wasan Flappy Bird, ya ce a farkon 2014 yana samun kimanin dala 50,000 kowace rana daga talla kaɗai, kafin ya janye wasan da kansa a watan Fabrairu na shekarar. A ɓangarenmu kuwa, bidiyon nan data yake ci. Umma ta yi ta mita wai datarta ba ta kwana, tana zargin kamfanin waya, ashe ɓarawon na kwance a kan tabarmarta. Wannan ma da sauƙi. Wata rana ina zaune kusa da shi, sai ga tallar cacar ƙwallo ta fito, da wani mutum yana watsa kuɗi sama yana dariya. Yaron ya juyo ya ce, "Yaya, in na danna nan za a ba ni kuɗin?" Wayar ta babba ce, ita na'ura ba ta san hannun wa take ba.

Kada a ce na yi son kai, tallar nan tana da nata amfani. Filin ƙwallo da babu alluna, da riga fara fat babu rubutu, ba zai yi kama da abin da muke gani a talabijin ba, mu kanmu za mu ce jabu ne. Kuma da babu talla, da yawancin wasannin waya na kuɗi ne, da ɗan talaka bai taɓa su ba. Allon gefen fili bai dame ni ba, tun da yanzu na san sunansa talla. Inda na ga rashin adalci wuri biyu ne. Na farko, mutum ya sayi wasa da tsada, sa'an nan a tsayar da shi dole ya kalli talla. An yi haka a watan Satumba na 2020 a wasan dambe da kokawa na UFC 4, wanda ake sayarwa dala 60 a lokacin: tallar wani fim mai dogon zango na Amazon ta riƙa rufe fuskar talabijin ana tsakiyar maimaita bugu. Masu wasa suka yi ta ƙorafi, cikin 'yan kwanaki EA ya cire ta ya ba da haƙuri. Wannan ya koya mini cewa su ma suna gwada ruwa ne da ƙafa ɗaya, in aka yi shiru su shiga da biyu. Na biyun, wanda ya fi muni, shi ne yaro ƙarami da bai iya bambance wasa da talla ba. A dandalin Roblox, inda yara suka fi yawa, kamfanoni irin su Nike da Walmart sun gina garuruwansu sukutum, yaro na yawo cikin talla yana zaton filin wasa ne. A 2022 wata ƙungiya ta Amurka, Truth in Advertising, ta kai ƙarar dandalin gaban hukumar kula da ciniki ta ƙasar, a 2023 kuma Roblox ya fito da dokar hana nuna talla ga 'yan ƙasa da shekara 13. Amma a lokacin, wannan doka da shekarun da aka rubuta wajen rajista take aiki, kuma kowa a ajinmu ya san yadda ake ƙara wa kai shekaru a intanet.

Iyayenmu, ba ina roƙon ku ƙwace waya ko ku hana zuwa gidan gem ba ne; in na faɗi haka 'yan ɗakinmu ba za su bar ni in yi barci ba, kuma ni ma ina zuwa. Abin da na gwada a gida da hutun tsakiyar zango ya yi aiki, shi zan faɗa. Da yawa daga ƙananan wasannin waya suna tafiya ko babu intanet, tallar ce ba ta iya zuwa sai da ita, don haka a kashe data kafin a miƙa wa yaro. A sa lambar sirri a wurin sayen abubuwa, kada ya danna kuɗi su fita. Sa'an nan a ɗan zauna kusa da shi ko na minti goma ne, a tambaye shi, wannan da ya fito yanzu, wasa ne ko sayarwa ake yi? Ni da ƙanena mun mai da shi gasa, duk wanda ya riga ganin talla ya ci maki. Yanzu har ya fi ni ido, ran nan ma shi ya nuna mini sunan kamfani a jikin ƙwallon kanta, abin da na shekara uku ina bugawa ban lura ba.

A wannan hutun ne kuma na koma zaure na ce, "Baba, na samo amsar tambayarka." Ya ce wace tambaya, don shi har ya manta. Na tuna masa, na gaya masa cewa a gidan gem na san takalmin, a ƙafar ɗan wasan da nake ɗauka kullum, kuma duk sa'ad da ya ci ƙwallo sai a maimaita bugun a hankali, a matso da hoton kusa da ƙafarsa. Baba ya yi shiru, can ya ce, "Watau kuɗin da kake karɓa wurin uwarka kana kai wa mai shago, biya kake yi a yi maka talla?" Na ce, "Kusan haka ne, Baba." Ya girgiza kai ya ce a zamaninsu mai talla ne ke bin mutum.

Takalmin da ya saya mini a ranar nan baƙi ne, ba shi da wani suna da na sani, ɗinkinsa biyu. Da shi na buga wa gidanmu wasan ƙarshe na gasar gidaje. An ci mu biyu da ɗaya, ni na ci ɗayar, da ƙafar hagu.